Rashawa a Bakin 'Yan Jaridar Waje

Duk wanda ya saba kunna rediyo da asuba a Tishigu, ko yakan zauna a rumfar mai shayi inda samari ke duba wayoyinsu, ya sha jin wata magana wadda ta zama kamar amshin waƙa: masu kutse na Rasha. An kulle kwamfutocin wani asibiti a Turai, masu kutse na Rasha ne. Man fetur ya yanke a wani yanki na Amurka, su ne. An tona wasiƙun wani ɗan siyasa, har wa yau su. Hoton da ake liƙa wa labarin kuwa kusan ɗaya ne kullum: wani mutum a ɗaki mai duhu, ya rufe kansa da hular riga, fuskarsa ba ta ganuwa, bayansa ga tutar Rasha. Ba hoton wanda aka kama ba ne. Daga ma'ajiyar hotuna ake ɗauko shi, gobe kuma a liƙa shi a wani labarin dabam.

Dattawan Tamale sun san Rashawa masu fuska. A zamanin Kwame Nkrumah ƙwararrun Tarayyar Sobiyet sun zo aikin filin jirgin sama na garin nan, sun zauna har juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ya sa aka sallame su. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Gana a can suka yi karatu. Shugaba John Mahama kansa, wanda ya yi sakandare a Tamale, ya yi ƙarin karatu a Mosko a 1988. Amma yaron da aka haifa bayan shekara ta 2000, in aka ce masa Barashe, abin da zai zo masa a rai shi ne wannan mai hular da ba shi da fuska.

Kada mai karatu ya zaci za a wanke gwamnatin Rasha a nan. Laifin da ake faɗa akwai shi, da shaidu kuma. An yanke wa mutanen yammacin Yukren wutar lantarki ta hanyar kutse a Disamba 2015. A Yuli 2018 mai bincike Robert Mueller na Amurka ya tuhumi hafsoshi 12 na leƙen asirin sojan Rasha, kowa da sunansa, bisa satar wasiƙun jam'iyyar Dimokurat a 2016. Yevgeny Prigozhin, wanda ya yi shekaru yana musu, da bakinsa ya amsa a Fabrairu 2023 cewa shi ya kafa gidan yaɗa farfaganda na birnin San Fitasbag da ake kira Internet Research Agency. Tsarin mulkin Rasha kuma ya hana miƙa ɗan ƙasa ga kotun waje, don haka ɓarawon da ya yi sata a Ingila ko Jamus yana kwana lafiya a gidansa muddin bai taɓa na gida ba. Wannan duka gaskiya ne.

Inda aikin 'yan jarida yake da rauni shi ne a suna. Akwai mutum uku daban a cikin wannan al'amari. Akwai soja ko ɗan leƙen asiri, mai albashi, mai bin umarnin gwamnati. Akwai ɓarawo mai neman kuɗi, wanda ba ruwansa da tuta. Akwai kuma talaka, ɗaya daga cikin mutum sama da miliyan 140, wanda shi ma ake yashe masa asusu kamar kowa. Kanun labari yakan tura su uku cikin buhu guda ya ɗaure bakin. Da an juya labarin zuwa Hausa kuwa sai abin ya ƙara cakuɗewa, gama "na Rasha" yana iya zama na gwamnati, yana iya zama na ƙasa, yana iya zama mai jin harshen kawai. Mai fassara yana da minti ɗaya kafin labarin wasanni, ba shi da sararin warwarewa.

Labarin da ya fi dacewa a auna wannan da shi, a Gana ya faru. Ranar 12 ga Maris 2020 gidan talabijin na CNN ya fito da wani bincike wanda Clarissa Ward da abokan aikinta suka yi, tare da malamai biyu na jami'ar Clemson, Darren Linvill da Patrick Warren. Sun gano wani gida a bayan birnin Akra inda wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira EBLA ta ɗauki matasa 16 'yan Gana, yawancinsu ba su kai shekara talatin ba. An ba su wayoyi. Aikinsu shi ne su buɗe shafuka a Facebook da Instagram da Twitter, wasu suna nuna kamar daga Amurka suke, su yi ta rubutu a kan wulakancin da ake yi wa baƙar fata a can, da zaluncin 'yan sanda, da tarihin bauta. Mai ƙungiyar ya ce musu shi mutumin Afirka ta Kudu ne, suna kiransa Mista Amara. Ashe ɗan Gana ne mazaunin Rasha. Jami'an tsaron Gana sun kai samame gidan a watan Fabrairu, kafin labarin ya fita, an kuma sami wani reshe a Legas. A ranar da labarin ya fita Facebook ya ce ya rufe asusu 49 da shafi 69 da asusun Instagram 85, ya kuma ce ya ga alaƙa tsakanin aikin da mutanen da suka taɓa yi wa gidan farfagandar Prigozhin aiki. Twitter ya rufe asusu 71.

Dole a yaba wa wannan bincike a wuraren da ya cancanta. 'Yan jaridar ba su zauna a Landan suna ƙiyasi ba. Sun zo, sun ga gidan, sun yi magana da wasu daga cikin matasan, sun sami mutumin kansa sun yi masa tambaya a gaban kyamara, ya musanta, suka sa musunsa a cikin rahoton. Gani ya kori ji. Da dukan labaran Rasha haka ake yinsu, da babu abin cewa.

Amma a dubi kanun da aka sa wa rahoton. Ma'anarsa ita ce katsalandan na Rasha a zaɓe ya dawo, ta hanyar Gana da Nijeriya. Sanarwar Facebook kuwa, ta wannan rana, ta faɗa a fili cewa rubuce-rubucen ba su mai da hankali ga zaɓe ba, ba su kuma yabi wani ɗan takara ko su kushe shi ba. Mai yiwuwa ne ana tara mabiya ne tukuna, domin a juya su sa'ad da zaɓen Nuwamba ya matso. Wannan zato ne mai kyau, mai hankali zai iya yinsa. Sai dai zato ne, kanun kuwa ya faɗe shi kamar abin da ya riga ya auku. Wanda ya karanta rahoton duka zai ga bambancin. Mutum nawa ne a Tishigu suka karanta shi duka? Kanun ne ya yi yawo a wayoyi.

Abu na biyu, ba a fasa kwamfutar kowa a wannan al'amari ba, ba a saci sisin kowa ba. Ƙarya aka yi game da ko su wane ne masu rubutun da kuma wanda ke biyansu. Wannan yaudara ce, ba kutse ba. Amma da labarin ya bi ta baki biyu ko uku, sai ya koma cewa an kama masu kutsen Rasha a Gana. Mai satar akuya da mai gulma a kasuwa duka masu laifi ne, amma alƙalin da ya kasa raba su bai san aikinsa ba.

Abu na uku ya fi nauyi. A cikin labarin da aka ce na Rashawa ne, fuskokin da mai kallo ya gani na baƙaƙen fata ne. Barashen yana can nesa kamar aljani, ba a ganinsa sai aikinsa. Matasan kuma sun fito kamar hannuwa marasa kai, abin amfani kawai. Facebook ya ce akwai alamar wasu daga cikinsu ba su san wa suke yi wa aiki ba. Tambayar da ta dami mai kallo a Amurka ita ce, me wannan zai yi wa zaɓenmu? Ita rahoton ya amsa, gama domin shi aka yi shi. Tambayar da ta dami uba a Gana, wato yadda yaro mai ilimi zai wayi gari yana yi wa wata ƙasa aikin asiri alhali yana tsammanin yana yaƙin 'yancin baƙar fata ne, ba ta sami wuri mai yawa ba. Abin da matasan suka rubuta game da kisan baƙaƙe a Amurka kuwa yawancinsa ba ƙirƙira ba ne. Wata biyu da rabi bayan rahoton, ranar 25 ga Mayu 2020, ɗan sanda ya kashe George Floyd a Miniyapolis, ba kuwa Barashe ne ya danne masa wuya ba.

Akwai wani labarin kuma da sunan Gana ya shiga, wannan karon ta hanyar ban dariya. Ranar 27 ga Yuni 2017 wata cutar kwamfuta da aka laƙaba wa NotPetya ta fito daga Yukren, ta cikin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, ta bazu a duniya cikin 'yan sa'o'i. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Danmak, ya tsaya cik. Akwai wasu manyan kwamfutoci kusan 150 da ke riƙe da kundin ma'aikata da makullan shiga na kamfanin duka, kowace tana ajiye kwafin 'yar'uwarta, sai cutar ta shafe su gaba ɗaya. Aka yi ta buga waya ofis-ofis a duniya ana neman ko ɗaya ta tsira. Aka samu guda ɗaya tak, a ofishinsu na Gana. Dalili kuwa, an ɗauke wuta kafin cutar ta iso, na'urar tana kashe. Dumsor, wanda kowa ke zagi, shi ya ceci kamfanin. Ma'aikatan Gana ba su da bizar shiga Ingila, don haka wani ya ɗauki ma'ajiyar na'urar ya tashi zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgi, shi kuma ya wuce da ita Landan. Shugaban kamfanin ya ce daga baya sun sāke ɗora manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Andy Greenberg ne ya ba da wannan labari a mujallar Wired a 2018, aikinsa kuma abin koyi ne. Bai ce Rashawa kawai ya yi shiru ba. Ya nuna ƙungiyar da ake zargi, ya nuna yaƙin Rasha da Yukren wanda a cikinsa abin ya faru. A Oktoba 2020 Amurka ta tuhumi hafsoshi 6 na runduna mai lamba 74455 ta leƙen asirin sojan Rasha a kan wannan hari, da sunayensu da hotunansu. Ya kuma faɗi abubuwa biyu waɗanda gajeren labari yakan zubar. Na farko, cutar ta koma ta ci gida, har kamfanin mai na Rosneft na Rasha ta taɓa. Na biyu, ɗaya daga cikin makullan da ta yi amfani da su wajen shiga kwamfutoci, wanda ake kira EternalBlue, hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙera shi, aka sace aka watsa a intanet. Maƙeri ya ƙera wuƙa ya ɓoye, ɓarawo ya sace ta, wani ya yi kisa da ita. Mai kisa shi ne mai kisa, amma labarin da ya manta da maƙerin bai cika ba.

Misalan gaggawa suna da yawa. A ƙarshen Disamba 2016 jaridar Washington Post ta ce Rashawa sun shiga hanyar wutar lantarkin Amurka ta wani kamfani a jihar Bamont. Sai ga shi kwamfuta ɗaya ce ta hannu, ba ta ma haɗe da hanyar wutar, jaridar kuma ta gyara labarinta. A Mayu 2017 cutar WannaCry, wadda ta tsai da asibitoci a Ingila, ta kama kwamfutoci kusan 1,000 na ma'aikatar cikin gida ta Rasha, daga baya Amurka ta ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa. Wanda aka kama a kan harin kamfanin Kaseya na 2021, aikin ƙungiyar REvil da kowa ke kira ta Rasha, ɗan Yukren ne, a Folan aka kama shi, kotun Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 13 a 2024. Harshen Rashanci kamar Hausa yake, ana jinsa a ƙasashe da yawa. Wanda ya ji ɓarayi suna Hausa a Kumashi ya ce Kanawa ne, bai yi bincike ba. Game da bututun mai na Colonial a Mayu 2021, inda aka biya fansar dala miliyan 4.4, Shugaba Joe Biden da kansa ya ce ba a ga hannun gwamnatin Rasha ba, ko da yake ɓarayin a can suke zaune. Ta wata tsohuwar kalmar sirri da ba a soke ba suka shiga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma sakacin mai gida ba ya sayar da jarida kamar sunan Rasha.

Bahaushen Gana ya fi kowa sanin ɗacin irin wannan suna. Kalmar da duniya ta sani ta damfarar intanet a Gana, wato sakawa, Hausa ce tsantsa, daga zangunan Akra irin su Nima ta fito. Kalma ce ta kullum, mace tana saka gishiri a miya, ɗan kasuwa yana saka kuɗi a aljihu, sai aka wayi gari ta zama sunan laifi. A 2011 kamfanin Vice na Amurka ya yi fim a kan 'yan sakawa, da bokaye da layu da tarin tsofaffin kwamfutoci na Agbogbloshie. Mutanen Nijeriya kuma an liƙa musu 419, wanda lambar wani sashe ne na dokar laifuffuka ta ƙasarsu. Masu damfarar akwai su, ba a ƙirƙire su ba, suna nan a Tamale ma, kowa ya san irin motocinsu. Amma ɗalibi mai gaskiya da ya aika wasiƙar neman gurbin karatu daga Gana ko Nijeriya, da ɗan kasuwar man kaɗanya mai neman abokin ciniki a Turai, su ne ke biyan bashin da ba su ci ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji masu magana. Karin maganar tana bayyana abin da ke faruwa ne, ba ta ce daidai ne ba.

Bambanci ɗaya ne tsakanin hoton biyu. Ana zana Barashe mai kaifin ƙwaƙwalwa, masanin lissafi, mai sanyin zuciya. Ana zana ɗan Afirka ta Yamma mai wayon tsiya, mai rubuta Turanci da kuskure, mai dogara ga boka. Ɗaya abin tsoro, ɗaya abin dariya. Duka biyu an hana su zama mutane iri-iri.

A Afrilu 2024 masu bincike na jami'ar Okusfod da abokansu suka fitar da jerin ƙasashen da laifin intanet ya fi fitowa daga cikinsu, bisa ra'ayin ƙwararru 92. Rasha ce ta farko da tazara mai yawa, wannan ba abin musu ba ne. Yukren ta biyu, Sin ta uku, Amurka ta huɗu, Nijeriya ta biyar, Birtaniya ta takwas, Gana ta goma sha uku. Amurka tana gaba da Nijeriya ke nan. Amma sa'ad da aka kama yaro a Filorida a 2020 bisa kutsen da ya yi wa asusun Twitter na manyan mutane, sunansa aka faɗa da shekarunsa da garinsu, ba a ce masu kutse na Amurka ba. Ɗan gida mutum ɗaya ne mai laifinsa. Baƙo kuwa wakilin danginsa ne duka.

Kafofin Rasha irin su RT da Sputnik ba su ne magani ba. Su nasu aikin musu ne, ko an kama mutum da hannu cikin tukunya. A Yuni 2017 Shugaba Putin ya kwatanta masu kutse da masu zane, waɗanda ke tashi da safe su yi abin da ransu ya so saboda kishin ƙasa. Wanda ya gaji da kanun Turawa ya koma ga wannan, ya guje wa ruwan sama ne ya faɗa kogi. Samari da yawa a arewa sun fara karkata can, musamman tun da sunan Rasha ya matso kusa, sa'ad da Shugaba Akufo-Addo ya faɗa a Washintan a Disamba 2022 cewa sojojin haya na Rasha suna kan iyakar Gana ta arewa, a cikin Burkina Faso. Kowane labarin da aka yi wa ƙari, ranar da aka gane ƙarin, yana tura wani saurayi ya ƙi gaskata har sashen da yake gaskiya.

Hasara ta farko a Tishigu ƙarama ce a ido amma kullum ake yinta. Tsohuwa mai sayar da koko ta ji a rediyo cewa ɓarawon intanet Bature ne mai hula a ƙasar ƙanƙara. Wanda zai yashe mata kuɗin MoMo kuwa zai kira ta da Dagbani ko Hausa, ya ce mata Mama, ya ce ya tura mata kuɗi bisa kuskure, don Allah ta danna lambar sirrinta ta mayar masa. Bai yi kama da hoton ba ko kaɗan.

Hasara ta biyu ta shafi masu ilimi. Tamale gari ne na ƙungiyoyi masu zaman kansu, allunansu sun cika tituna, jami'ar UDS da jami'ar fasaha ta Tamale kuma suna yaye matasa kowace shekara, aiki kuwa babu. Saurayin da aka koya wa cewa hannun Rasha yana zuwa ne da farar fata da hular duhu, ba zai gane shi ba ranar da ya zo masa da fuskar ɗan'uwa, da takardar rajistar ƙungiya, da maganar 'yancin Afirka. Alamun kuwa suna nan a cikin rahoton CNN ɗin, can ƙasa da kanun, inda yawancin masu karatu ba su kai ba. Ƙungiyar ta ce domin Afirka take, amma labaran Amurka ake ba ma'aikatanta su karanta. Ta manhajar Telegram ake ba su umarni, wadda ba kowa ke amfani da ita a Gana ba a lokacin. An kuma ce musu su riƙa sakin rubutunsu da yamma da dare, sa'ad da mutanen Amurka suke a farke.